Rasuwar Sitiyarin Fijon Malam Ƙasimu

Da zuciya fal da baƙin ciki, Malam Ƙasimu Tanko na Gyaɗi-Gyaɗi, tsohon direban ma'aikata, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar sitiyarin motarsa Fijo 404, wanda ya cika a hannunsa ranar Talata da hantsi, mota tana tsakiyar gudu.

A hanyar Tarauni abin ya faru. Malam ya ɗauko mai ɗakinsa Hajiya Uwani za su kasuwa, wani ɗan acaɓa ya yanko musu gaba. Malam ya murɗa hagu, sai ga marigayin ya taso ɗungurungum a hannunsa kamar faifai, Fijo kuwa ta miƙa inda ranta ya so. Ya taka birki, ya ƙara takawa. Tarin yashin wani mai gini ne ya tare su. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Hajiya ta dubi mijinta rungume da sitiyari a ƙirji, ta ce, "Malam, ajiye shi haka nan, ai mun tsaya."

Marigayin ya shekara ashirin da uku yana aiki. Baƙi ne siriri, gumin tafin Malam ya goge shi har yana sheƙi. Ba shi da yawan magana. In an karya kwanar dama ya ce "ƙiii", in an faɗa rami ya ce "ƙwas", shi ke nan. Ya ga mulkin soja, ya ga na farar hula, ya sake ganin na soja har ya gaji, ga shi saura kwana huɗu a rantsar da farar hula ajali ya riske shi.

Amma halinsa da Malam ba zai taɓa mantawa ba shi ne, bai yarda da hannun kowa ba. Yana da wasa: sai an murɗa shi taƙi guda kafin tayoyi su sami labari. Malam kaɗai ya san sirrin, tun daga teburin mai shayi yake fara juya shi in zai shiga layinsu. Kowa ya sani, mai mota a unguwa ba ya cewa a'a, Malam kuwa bai taɓa faɗa ba. Duk wanda ya zo aro, da fara'a yake miƙa masa makulli. Kafin Malam ya gama shan ruwa makullin ya dawo. Ƙanin Hajiya, Shehu, a ƙafa ya dawo da shi, yana ta salati, daga ranar bai ƙara tambaya ba.

Ciwon ya daɗe. Haƙoran da suka riƙe shi ne suka cinye. Sau uku Ɗanladi bakanike yana cewa a canza shi, sau uku Malam yana cewa tsufa ba cuta ba ce. Ya san abin da magani zai jawo masa.

Marigayin ya bar giya, da madubi ɗaya, da tayoyi huɗu da safaya, da birki wanda shi ma yake fama da kansa. Magajinsa ya fito daga shagon Onyekachi mai kayan mota, Ɗanladi ya ɗaura shi jiya Laraba. Lafiyayye ne, ko kusa ba shi da wasa. Wajen gwaji Malam ya fara juya shi daga teburin mai shayi kamar yadda ya saba, saura ƙiris su sha shayin da mota. Ɗanladi ya karɓa ya zaga layi da yatsa biyu, ya fito yana washe baki, ya ce a gaban 'yan majalisar ƙofar gida, "Baba, yanzu ko ɗan koyo ya tuƙa ta."

Malam ya yi masa alamar ya rage murya. Ina, magana zarar bunu.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa yau da gobe a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ba za a yi masa salla ba, ƙarfe ne da roba. An tsayar da gobe Juma'a bayan la'asar a rataye shi a ƙusa cikin zaure. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su yi haƙuri, ba a gayyace su ba. Masu zuwa gaisuwa kuma su zo da gaisuwa kawai.

Ƙarin bayani: ana cikin rubuta wannan sanarwa wani baƙo mai farar babbar riga ya yi sallama, bayansa wani ƙato yana lanƙwasa yatsu. Ya durƙusa ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ya ce sabon kansila ne ya turo shi. Mai girma ya ji an gyara Fijo, yana so ya shiga gari da ita ranar Asabar, daga nan a zaga mazaɓa godiya, sati biyu kacal.

"Kada Baba ya wahalar da kansa," in ji shi. "Ga direba na zo da shi."

Saboda haka an ɗage rataye marigayin har sai abin da hali ya yi. Duk wanda ya ga Ɗanladi, ya ce masa Malam yana nemansa kafin Asabar, ya taho da sifana.