Alwala a Gindin Dutse Mai Aman Wuta

Shekarar da ƙungiyarmu ta manoman rani a Jiratawa ta tura ni wani tsibiri in ga yadda suke noma, na tafi da mutuncina cikakke. Ban dawo da shi duka ba.

A rana ta uku muka isa wani ƙauye a gindin dutse mai aman wuta, inda jemagu masu girman shaho ke reto a itatuwa. Azahar ta yi. Na hango wani kududdufi yana ɗan tururi, mata zaune a bakinsa da kwanduna. Na ce ga ruwan alwala.

Mushe Iliya (haka muke kiran malamin makaranta), ɗan Tibiri da ke mana tafinta, ya riƙe mini hannun riga. "Alhaji, sun ce ruwan da zafi fa."

Na ce, "Mushe, wanda ya yi azumi a Maraɗi cikin bazara za a gaya wa zafi?"

Na tuɓe takalmi, na yi bisimilla, na zura ƙafar dama har idon sawu don in fara ɗauraye ƙura.

Ashe ba wanki matan ke yi ba. Masara suke dafawa.

Ihuna ya tashi jemagun nan kaf. Wata tsohuwa ta shafa mini man kwakwa tana girgiza kai. Sati uku ina salla a zaune.

Iliya ya riƙe amana, amma hoton da ya ɗauke ni a wayarsa bai riƙe ba. Har yau in na bi ta Sabon Gari, mai farfesun ƙafar saniya sai ya ɗaga ludayi: "Alhaji, tawa ta ƙi nuna. Taka minti nawa ta yi?"