Ranar da Aka Auna Jinina a Mabai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi koya wa matan Mabai cin abinci.

Lokacin ban daɗe da gama makarantar kiwon lafiya ba, aka ɗauke ni cikin masu binciken lafiyar mata masu juna biyu da ƙananan yara a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ni ce mai yin tambayoyi, nas ɗinmu Hajiya Rabi kuma ta tsikari yatsa ta duba ko jini ya yi ƙasa. Ga farar riga, ga katin aiki a wuya, ji nake kamar ni na ƙirƙiro likitanci.

Da muka isa ƙauyen Mabai, muka tarar da mata cike da tsakar gidan mai unguwa, amma babu wadda ta yarda ta miƙo hannu. Wata dattijuwa da suke kira Inna Hajo ta ce, "Ɗiyata, jinin nan ina za ku kai shi?"

Na yi musu bayani cewa ɗigo ɗaya ne, kuma a gabansu za a duba. Da na tsaya a nan da na tsira da mutuncina. Amma sai bakina ya zarce: "Ku ci zogale, ku ci wake da hanta. Macen da ke kula da kanta jininta ba ya ƙasa." (Ni da tun da aka fara aikin nan biskit da lemon kwalba nake kira abincin rana.) Na miƙa yatsa na ce, "A fara da ni, ku ga yadda lafiyayyen jini yake."

Hajiya Rabi ta tsikare ni, ta sa ɗigon a na'ura, ta duba. Sai ta ja fatar idona ta leƙa. Da yake Allah bai yi ta da rage murya ba, ta ce, "Ke, ai jininki ya yi ƙasa. Me kike ci?"

Wata ta fara ƙyalƙyalewa da dariya daga bayan rumbu, sauran suka ɗauka. Na rasa inda zan sa fuskata, sai gyaran ɗankwali nake yi.

Inna Hajo ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Abin da bai rufa wa tasu asiri ba, ai ba zai yi mana ƙarya ba." Ta jawo matar ɗanta, Saratu, mai tsohon ciki, wadda ta ce jiri ya dame ta. Nata jinin ya yi ƙasa ƙwarai, har Hajiya Rabi ta sa aka kai ta asibiti a ranar. Nan da nan layi ya miƙe har zaure. Ni kuwa aka dire mini kwanon kwaɗon zogale, Inna ta tsaya a kaina sai da na suɗe.

Da muka sake komawa, na tarar da Saratu da ɗiyarta a goye, dukansu lafiya lau. Na ɗauki jaririyar ina jin kamar an ba ni lambar yabo. Har yau "Malama Mai Ƙaramin Jini" suke kira na a Mabai, kuma ina amsawa da ƙarfi.

Sai dai na ɗauki darasi: yatsan da za ka miƙa a bainar jama'a, ka fara miƙa shi a ɗaki tukuna.