Ranar da Na Ƙi Zama Kado

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin yayan Hadiza a Maradun, ko da kuwa na so in manta. Lokacin ina neman aurenta, mahaifinta kuma ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Ga wani ɗan baffanta, Lawali, shi ma yana nemanta. Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi. Ko gaishe ni aka yi da fara'a sai na tambayi kaina me ake nufi.

(Sai kun san wani abu: haƙorana sun ɗan yi gaba. Tun muna firamare a Talata Mafara yara ke kirana Kado, na sha dambe a kai.)

Muna zaune bayan ɗaurin aure, sai na hango Lawali yana magana da maroƙi, suna kallona. Na ce a raina, to, an fara. Ai kuwa maroƙin ya nufo ni da lasifika: "Ga kado! Kado mai gulbi, kowa ya shigo ruwa da izininka!"

Jama'a suka ɗau shewa. Ni dariya na ji. Na miƙe, na fizge lasifikar.

"Wanda ya aiko ka ya fito ya faɗa da bakinshi! Kado dai? Shi ne kado, da shi da danginshi kaf!"

Maroƙi ya dube ni da tausayi, ya nuna tabarmar dattawa, inda Alhaji mahaifin Hadiza ke zaune. "Alhaji na ya ce in yi maka."

Ashe gidan su Hadiza Sarkawa ne, masunta tun kaka da kakanni. Kado kirarin gidansu ne, ba sa yi wa bare sai wanda suka karɓa ya zama ɗa. Amsar da nake jira ke nan. Lawali saƙon tsohon kawai ya kai, bawan Allah.

Na je na durƙusa gabansa. Alhaji ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ku bar shi. Wanga bai kai kado ba. Tsari na." Wato ɗan guzan nan na bakin ruwa.

Hadiza dai an ba ni, bayan kawuna ya yi sawu ya gaji. Amma har yau a Maradun 'ya'yana 'ya'yan Tsari ne. Yanzu in an kira ni da wani suna cikin taro, sai na duba wa ya aiko kafin in buɗe wannan bakin nawa.