Ƙosan da Na Kai Jami'a

Laifina ne, kada a ɗora wa kowa. Ni na ce wa fastonmu ɗalibai ba sa tsayawa jin bishara da yunwa, kuma ni haifaffen Damagaram ne, na san kansu. Na sa matata ta soya ƙosai cike da roba. Ta ce in kunna rediyo tukuna, na ce azumi sai gobe, lissafina ba ya kuskure.

Da hantsi na isa fadar samarin jami'a, inda suke zaman hira da shan shayi. Ban ma lura ba a ɗora shayi ba. Na buɗe robar, ƙamshi ya tashi, na ce, "Ku ci, 'ya'yana, sannan mu yi maganar Yesu!"

Ba wanda ya miƙa hannu. Wani dogo ya kau da kai, ya ce, "Baba, jiya fa aka ga wata. Wa'azi ka zo yi, ko karya mana azumi?"

Har yau in na shigo, sai su taso suna tambayata, "Baba, yaushe za a ga wata?"

Ranar dai na koma da magariba, ɗauke da kunu da dabino, na ce, "Ku yafe mini, samari. Yesu bai aiko ni in sa ku haɗiyar yawu ba."