Giwa a Ƙofa, Ƙashi a Tukunya

Saura ƙiris wannan fili ya fito fari fat a makon nan. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Kun dai san halina, ko mai tumatir ya cuce ni ba na iya ɗaga kai in ce masa uffan, sai in dawo gida in faɗa wa takarda. Karatuna kuma a aji huɗu ya tsaya. Ina ni ina taɓa manya, masu takardun da jaka ɗaya ba ta ɗauka? Tanti Veta ce ta ce, "Ilinca, in ba ki rubuta ba, ni zan je gidan jaridar in faɗa da bakina." Duk wanda ya san bakin Tanti zai gane cewa rufa wa manyan nan asiri na yi da na zauna na rubuta.

Tanti yayar mahaifiyata ce. Tana da masaukin baƙi mai ɗaki biyar a wani lungu na birnin Bukares, bayan tashar tarago, wato ɗan jirgin ƙasan nan na cikin gari. Ni ce mai shara, ni ce mai gyaran gado, ni ce mai kuka a kan albasa. Da sanyi ya shigo sai baƙi su ɗauke ƙafa, mu zauna muna kallon makullai a jikin bango. Bana Tanti ta rantse in aka sake irin na bara za ta rufe gidan ta koma ƙauye ta yi kiwon kaji.

Ana cikin haka saƙo ya shigo wayarta daga Indiya. Wata Madam Sulochana ce, tsohuwar malamar makaranta daga garin Nashik, mai shekara saba'in da ɗaya. Ita da ƙawayenta takwas, duk tsofaffin malamai, suna so su kwana huɗu a birninmu. Wayar ce ta yi mana tafinta. Abu uku ta roƙa. Kada a yi ta yawon ƙasa da su, gwiwoyi sun gaji. A ba su ruwan zafi da sassafe saboda shayi. Sannan ba nama, ba kifi, ba ƙwai. Ta ce tun da aka haife ta abu mai jini bai taɓa shiga bakinta ba, kuma ba ta so ya fara shiga a ƙasar mutane.

Na juya bayan wata tsohuwar kalanda na tsara musu yawo. Maƙwabcinmu Nea Gogu (Nea muke ce wa dattijo), wanda ya shekara talatin yana tuƙa tarago, shi ya taya ni. Ya san tashar da ba ta da matakala, ya san lambun da kujerunsa ba su karye ba, ya san inda mace za ta kama ruwa ba tare da ta yi da-na-sani ba. Mun gama, ina jin daɗi, sai ya ɗago kai.

"To, kun karɓo giwar?"

"Wace giwa kuma, Nea?"

"Ke dai ba kya jin rediyo. Yanzu ba a saukar da ɗan Indiya sai da giwa a ƙofa."

Ashe an kafa Kwamitin Faranta wa Baƙin Indiya Rai. Ni jahilci ya hana ni sani. Mutum goma sha huɗu ne, ƙarƙashin Mai Girma Uban Tafiya, Garkuwan Baƙi, Allah ya ƙara masa nauyi. Saboda kishin ƙasa, bayin Allah nan sun bar iyalansu sun je Indiya har mako uku domin su gano abin da Indiyawa ke so. Sun sha wahalar bakin teku, sun jure otal masu ruwan wanka a kan rufi, sun dawo fata ta yi duhu, wando ya matse. Rahotonsu ya kai kaurin bulo. Abin da suka gano shi ne, Indiyawa na son giwa, suna son barkono, suna son rawa. Ni da ina tsammanin tambayar mutum abin da yake so ta isa. Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Ranar Litinin na je karɓo giwa. Na kama layi tun ƙarfe bakwai, dusar ƙanƙara na sauka mini a wuya. Ƙarfe goma taga ta buɗe, ƙarfe goma da kwata ta rufe, ma'aikaciyar ta tafi shan kofi. Da ta dawo na miƙa takarduna ina kallon takalmina.

"Ina hoton ƙofar?"

Na ba ta.

"Wannan ƙofar a buɗe take. A rufe ake so."

Talata na kai ta a rufe.

"Ina shaidar cewa ƙofarku ce?"

Laraba na kai shaida.

"Yau Laraba. Ba ma ba da giwa ranar Laraba."

Ranar Alhamis aka ba ni. Sitika ce, ba ta kai tafin hannuna ba, giwa ruwan hoda tana murmushi. Tare da ita aka haɗo ni da sharaɗi: ranar farko ta baƙi ta Kwamiti ce, su za su tarbe su, su zaga da su, su ciyar da su. Gidan da ya kawo cikas a karɓe giwarsa. Na kawo ta gida, Tanti ta duba gaba ta duba baya.

"Kwana huɗu a layi, wannan ce giwar? Ai ko ɓera ya fi ta cika ido."

Amma ita da kanta ta liƙa ta, har da gogewa da gefen zane.

Baƙi suka iso ranar Juma'a, tsofaffi tara cikin rigunan sanyi a kan zannuwansu, kowacce da ɗan buhun ganyen shayi. Madam Sulochana 'yar ƙarama ce, da tabarau mai igiya da irin kallon nan na malamai da ke sa mutum ya duba farcensa. An tarbe su da burodi da gishiri yadda aka saba, sai dai an barbaɗa wa gishirin barkono saboda rahoto. An kai su gidajen tarihi bakwai. Huɗu a rufe ana gyara, amma an ba su damar kallon katako daga waje. Ni ina biye da jakar magungunansu.

Ƙarfe biyu aka kai mu cin abinci a wani babban gida. Nea Gogu ya ce na ƙanin matar Mai Girma ne, amma ni ban ga takarda ba, don haka ban faɗa ba. A kan kowane teburi akwai kati mai hatimi biyu: BABU NAMA, AN TANTANCE.

Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya, mun san ma'anar babu nama a garin nan. Ma'anarsa an tsame naman kafin a kawo. Kaza kuwa ba nama ba ce, tsuntsuwa ce. Kitse ba nama ba ne, ɗanɗano ne. Haka muka taso, ba na zagin kowa. Kawuna ma haka yake cewa.

Aka kawo wake. Tun kwanon bai sauka ba hancina ya gaya mini. Ƙamshin hayaƙin nan ne na ƙafar alade da aka banda, wanda in maƙwabci ya ɗora, unguwa duka ta sani. Na lallaɓa na leƙa kicin. Ga tukunya, ga ƙashi a gefe a kan faranti yana tururi.

Na ce da mai dafuwar, murya ƙasa-ƙasa, "Nea, da wannan aka dafa?"

"To da me za a dafa wake, da addu'a?"

"Ai ba sa cin nama."

"Ke 'yar nan, kin ga nama a kwanonsu? Wanka kawai ya yi a ciki ya fito."

Na dawo zaure. Mai Girma ya miƙe yana jawabi a kan zumuncin ƙasashe. Madam Sulochana ta karanta katin, ta dube ni don ta tabbatar, domin ni ce fuskar da ta sani. Ta ɗauki cokali.

In na yi shiru, giwa na nan, Tanti ba ta koma ƙauye ba, kuma tsohuwar ba za ta taɓa sani ba. In na yi magana, to, ni da ban taɓa yin magana a gaban mutum biyar ba? Ga shi ko kalma ɗaya ta yarensu ban iya ba, wayar kuma tana jakar Tanti a gida. Cokali ya shiga wake.

An ce kunya ga mara kunya asara ce. Ban san lokacin da na koma kicin ba. Na ɗauko farantin nan da hannu biyu, na ratsa tsakiyar zaure, na ajiye shi a gaban Madam Sulochana, kusa da kati mai hatimi biyu. Na nuna ƙashin, na nuna waken. Shi ke nan jawabina.

Cokula tara suka koma kan teburi a tare, kamar an kaɗa ƙararrawar tashi.

Nan na ga amfanin ilimi. Mai Girma ko gezau bai yi ba. Ya gyara wuyan riga ya ce wa tafintan Kwamiti ya shaida wa baƙi cewa wannan ƙashi na ado ne, al'ada ce ta kakanni. Madam Sulochana ta sa tabarau ta duba ƙashin kamar jarrabawar da aka kwafa. Ta ce wani abu gajere. Tafinta ya yi tari.

"Me ta ce?"

"Ranka ya daɗe, ta ce adon naku akwai wake a maƙale a jikinsa."

Sai Mai Girma ya juyo kaina.

"Yarinya, daga wane gida kike?"

Na faɗa. Ya ce in cire giwar in mayar ofis da hannuna da zarar baƙin sun tafi. Na ce to, ranka ya daɗe. Har na gode masa. Ban san dalili ba, bakina ne ya saba.

A tarago muka dawo, tsofaffi tara da yunwa da ni. Tun daga ƙofa na faɗa wa Tanti komai, ina jiran ta fara.

"A gabansa kika ajiye?"

"A gabansa, Tanti."

"Ke? Ke da kike ba kyanwa hanya?" Ta share hannu a jikin zane. "To tsayuwar me kike yi? Ɗauko mini tukunyar azumi."

Muna cikin azumin kwana arba'in na kafin Kirsimeti, lokacin da masu riƙo irin Tanti ba sa taɓa nama ko ƙwai ko madara. Tana da tukunya guda da ta gada wurin kakarmu, da jan zare ɗaure a hannunta don kada a yi kuskure. Shekara sittin ko ɗigon kitse bai taɓa faɗawa ciki ba, in ban da sau ɗaya. Cokalinta daban, murfinta daban. Ranar da na taɓa ɗumama romo a ciki ina ƙarama, sai da Tanti ta kai ta wurin limamin coci, ni kuma ta kai ni bayan gida da tsintsiya.

Madam Sulochana ta ƙi zama a falo. Ta biyo mu kicin, ta ɗaga tukunyar, ta shinshina, ta taɓa zaren. Tanti ta yi mata bayani a waya. Tsohuwar ta buɗe jakarta ta fito da wata 'yar tukunya da ta ɗauko tun daga Nashik saboda tsoron irin yau. A hannunta akwai zare, nata ruwan ɗorawa. Suka dubi juna, su biyun. Ba a sake bukatar wayar ba a ranar.

Aka yi wake da albasa da ganye, aka naɗe shinkafa a kabeji mai tsami, aka tuƙa tuwon masara, aka buɗe kwalbar miyar gauta da tattasai da muka dafa tun kaka. Su kuma suka barbaɗa nasu yajin. Nea Gogu ya shigo aron gishiri, bai fita ba sai da ya ga gindin tukunya.

"Kwamiti ya je Indiya neman abin da ke rataye a kicin ɗin Veta," in ji shi. "Da sun tambaye ni, tarago ɗaya ne daga ofishinsu."

Sauran kwana ukun bayan kalandata aka bi. Sun ga kasuwa, sun zauna a lambu, sun sayi safar ulu, babu wadda gwiwarta ta kumbura. Kafin su tafi Madam Sulochana ta ɗauki hoton tukunyar ta aika gida. Ta ce akwai wasu tsofaffin malamai, rukuni uku, da ke tambayar gidan nan mai jan zare. Tanti ta yi murmushin da bai kai ido ba, don ta san ba giwa, ba baƙi. Da yamma na ga ta fito da akwatinta na ƙauye tana kakkaɓe ƙura.

Washegarin tafiyarsu na tashi da wuri, na sa wuƙa na ɓamɓare giwar a hankali don kada in ji mata ciwo, na kama layi. Ƙarfe goma taga ba ta buɗe ba. Sai takarda a liƙe. Wai Kwamiti ya tafi Indiya na mako shida domin binciken dalilin da ya sa baƙi ba sa son ƙashi. Na tambayi maigadi wa zan ba giwar. Ya ce ba a karɓar giwa sai da sa hannun Mai Girma, kuma muddin ba a karɓa ba, tana nan daram a matsayinta. Ya ƙara da cewa in sun dawo ma sai sun rubuta rahoto, na baya ya ci wata takwas.

Na dawo gida na dama ɗan ƙullun fulawa, na mayar da giwa ƙofarta. Ta ɗan karkace, amma tana murmushi. Na tsinko jan zare na ɗaura a hannun ƙofar, na tura akwatin Tanti ƙarƙashin gado, na jiƙa wake.

Masu cewa manyanmu su rage tafiye-tafiye, don Allah ku bari. Ni dai addu'ata, Allah ya ƙara musu son ilimi, ya sa binciken nan ya yi zurfi.