Kamun Hannuna

Tsohuwar akori-kurar da na gada wajen Baba injinta garau yake, bodin ne tsatsa ta cinye. Sai na ba Malam Sani, wani mai walda a Katabu, aikin ƙera sabo.

Ya ce a waya, "Alhaji, bari in zo da tef in auna."

Na ce, "Haba Malam, ni da na girma a motar nan?" Na naɗe hannun riga, na auna daga gwiwar hannu zuwa yatsa, na faɗa masa kamu kaza. Har na ja masa kunne kada ya ƙara komai.

Bawan Allah bai ƙara ba. Na dai manta ni gajere ne, shi kuwa sai ya sunkuya yake shiga shagonsa.

Da aka kawo bodin gidana a Unguwar Sarki aka ɗora, sai ya haɗiye motar har tayoyi, ramin noti ko ɗaya bai dace ba. Malam Sani ya jera hannunsa da nawa, sai ga nasa ya kere nawa nesa ba kusa ba. Maƙwabta kuwa dariya har da riƙe ciki.

Yanzu awakin matata Hajiya ke kwana a bodin, hankalinsu kwance. Ni kuma ko yadi na je saye, sai an tambaye ni, "Alhaji, da kamunka ko da na mutane?"