Birkin da Na Kama Don Gaida Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Asabar, kuma ko na so in manta, abokaina ba za su bari ba. Bari in fara da tona wa kaina asiri: shekarata hamsin da biyu, 'ya'yana bakwai da jika ɗaya, tumbina ya wuce a ɓoye shi, kuma ina tseren keke. Likita ne ya jawo mini. Ya auna jinina, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ko dai in motsa jiki ko in fara tunanin wasiyya. Na zaɓi keke.

Mu huɗu ne a ƙungiyarmu, duk mun haura hamsin. Jagoranmu Alhaji Attahiru ne, ɗan kasuwar hatsi, shekara sittin da huɗu, siriri, mutumin da sai ka yi wata ba ka ga haƙorinsa ba. Sai Bello Dogo, tela a Gidan Igwai, wanda bakinsa ya fi kekensa gudu. Sai Malam Nasiru, malamin makaranta da ya yi ritaya. Sau uku a mako muke haɗuwa a Mabera bayan sallar Asuba, mu zaga gari mu dawo kafin rana ta fara dukan mutane.

Wanda bai taɓa yi ba yana zaton kowa tuƙa nasa yake. Ba haka ba ne. Layi ɗaya ake jerawa, taya a bayan taya, tsakani bai fi taƙi ɗaya ba. Na gaba shi ke shan iska, na baya su ɗan huta a bayansa. In ya gaji ya kauce ya koma ƙarshe, mai bi masa ya karɓa. Na gaba kuma shi ne idon kowa: ya ga rami ya nuna da hannu, ya ga akuya ya yi ihu. Doka ɗaya Alhaji Attahiru yake maimaita mana har ta ishe mu: "Na gaba ba shi kama birki. Ko mi kag gani, hwaɗi muna, amma kada ka kama."

A wannan shekarar gwiwarsa ta ƙi. Likitoci sun sa ranar aiki, sun kuma gaya masa bayan aikin shi da tsere sai kallo. Shekara biyar yana shiga tseren dattawa da ake yi sau ɗaya a shekara, bai taɓa shiga ukun farko ba. Bai roƙe mu komai ba. Mu ne muka haɗu a shagon Dogo, mu uku, muka yi alkawari ko da jan ciki ne sai mun kai shi sahun ukun nan kafin ya ajiye keke. Ni na fi kowa ɗaga murya a wurin alkawarin (ku riƙe wannan, za ku buƙace shi nan gaba).

To, ga abin da ban taɓa gaya musu ba. Hanyarmu tana bi ta unguwar Minanata, kuma a bakin titin nan gidan surukina yake. Baba Malam, mahaifin maiɗakina, ya haura tamanin, malami ne da manyan mutane masu furfura ke zuwa ɗaukar karatu a ƙofar gidansa kowace safiya. Shekara ashirin da shida ina auren 'yarsa, ban taɓa wuce shi a tsaye ba. Ko a mota nake sai in tsaya, in fito, in tuɓe takalmi, in durƙusa. Kuma bai san ina keke ba. Ta ina zan fara? Kun dai san kayan: hular kwano, baƙin tabarau, da wani matsattsen wando iya gwiwa wanda ba ya rufa wa mutum asirin komai. Maiɗakina ma ranar da ta fara ganina a ciki sai da ta zauna don dariya.

Saboda haka na ƙirƙiro dabara. Duk lokacin da muka doshi Minanata, sai in san yadda na yi na kasance a tsakiya. In layina ya zo in ɗan yi tari, ko in yi kamar sarƙa ta sarƙe, wani ya karɓa. In sunkuyar da kai, in maƙale a bayan Dogo, mu wuce. Wata takwas ina wannan ha'inci ba wanda ya lura.

Laifina na biyu takalmi ne. Saura mako biyu tsere, Alhaji Attahiru ya ce dole kowa ya koma irin takalmin nan da ke maƙalewa a feda, wanda ƙafa ba ta fita sai ka murɗa diddige waje. Ya ware safiya guda don mu koyi cirewa da sawa. Na ce ina da taro a ofis. Wallahi ba taron komai, barcin bayan Asuba ne ya yi mini daɗi. Daga baya na gwada sau biyu a tsakar gida ina dafe da bango, na ce ai na iya.

Ranar tsere ta zo. Ƙungiya-ƙungiya ake saki, da 'yar tazara a tsakani, kuma lokacin mutum na uku a kowace ƙungiya shi ake rubutawa. Wato dole uku su kai, ko an rasa ɗaya. Muka tashi da bisimilla. Ban taɓa jin mun yi gudu irin na ranar ba. Ba mai magana, sai ƙarar sarƙa da numfashi. Da muka juyo daga rabin hanya, alƙalin da ke bin mu a babur ya ɗaga yatsu biyu. Mu ne na biyu! Na saci kallon Alhaji Attahiru, na ga yana cije leɓe saboda gwiwa, amma bai rage ko kaɗan ba.

Ni kuwa lissafi nake a zuci. Dogo a gaba, sai Malam Nasiru, sai ni. In kowa ya riƙe layinsa yadda aka saba, Malam Nasiru ne zai ja mu ta ƙofar gidan Baba Malam. Na ji sanyi a raina. Muna shiga Minanata, Malam Nasiru ya karɓa, ya yi 'yan taku kaɗan, sai kawai na ga ya kauce. Ya ƙare. Fuskarsa ta yi fari fat.

Na yi tarina na kullum. Daga bayana muryar Alhaji Attahiru ta daki kunnena: "Naka na! Tahi!"

Ba maɓoya. Na shiga gaba, iska ta buge ni a ƙirji. Ina taka feda ina addu'a: Allah sa yau bai fito ba, Allah sa mura ta kama shi (Allah ya yafe mini, surukina nake roƙa wa mura). 'Yan kabu-kabu sun jeru a gefen titi suna tafi. Na hango bishiyar dogon yaro ta ƙofar gidan. Na hango tabarma. Na hango farin rawani. Ga ɗalibansa wajen goma sun ajiye littattafai suna kallon titi.

Na ce wa kaina, sunkuya ka wuce. Daƙiƙa uku ce. Sai ya ɗago kai, muka haɗa ido.

Har yau ina rantsuwa ba ni na kama birkin nan ba, hannuna ne. Shekara ashirin da shida na ladabi suka taso gaba ɗaya suka damƙe shi. Na ji "Kai! Kai! Kai!" a bayana, na ji wani abu ya daki tayata, na ji ƙarfe ya bugi kwalta. Ni kuma keke ya tsaya cak a gaban tabarma, na ɗaga ƙafa zan sauka in durƙusa, ƙafa ta ce ba inda za ni. Na ja ta dama, ta ƙi. Na ja ta hagu, ta ƙi. A hankali, a hankali, kamar buhun gero da aka jingina ba daidai ba, na karkace na zube a gefe, keke a tsakanin cinyoyina, ƙafafuna biyu a sama. Kuma daga nan kwance, Allah shi ne shaida, bakina ya ce, "Baba, an kwana lahiya?"

Da na juya kai sai na ga abin da na aikata. Dogo ya kauce da ƙyar. Malam Nasiru ya tsaya. Alhaji Attahiru kuwa, da yake shi ke bayana, yana zaune a kan kwalta, gwiwar hannunsa na jini, ƙafar gaban kekensa ta lanƙwashe. Bai zage ni ba. Ya dube ni kawai, ya ce wa sauran, "Ku tada shi ku tahi, ku ukku. Ya hi ni ƙarhi."

Dogo ya ce, "Aradu ba mu zuwa. Don wa munka hito?" Ya tsallako kaina, ko kallon fuskata bai yi ba, ya ɓalle ƙafar gaban kekena (irin waɗannan kekunan da ɗan maɓalli ake cire ta), ya ɗaura wa na Alhaji. Da a ce ni na kawo wannan shawarar da yau ina da abin faɗa. Ban kawo ba, ina can ina kokawa da takalmi. Suka ɗaga shi, suka hau, suka tafi su uku.

Aka bar ni da rabin keke da surukina. Wani ɗalibinsa, dattijo mai gemu har ƙirji, shi ya murɗe mini diddige ƙafar ta fita. Na tako zuwa tabarma ƙwas-ƙwas, ina tafiya kamar agwagwa, na durƙusa, wandon nan yana ƙara tona mini asiri. Baba Malam ya zare mayafin kafaɗarsa ya miƙo mini. Na rufe gwiwoyina. Na so ƙasa ta tsage.

Sai ya ce, "Wanga dattijo da ka kayas, mi yay yi maka?"

Na ce, "Baba, gaisuwa na tsaya in yi."

Ya ce, "Wata takwas kana wucewa nan kana ɓoyon kai bayan dogon nan, ba ka gaishe ni ba, ban mutu ba. Hula tana ɓoye kai, ba ta ɓoye ciki." Ɗaliban suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Ya ci gaba: "Mai sallah ma in anka yi mai sallama, da hannu yaka amsawa ya ci gaba da abin da shika yi. Kai mutane ukku sun ba ka amanar wuyansu, ka sake su don ka ce mini ina kwana?"

Na zauna nan a cikin mayafi fiye da rabin awa, aka ci gaba da karatu a kaina, har Dogo ya aiko da Keke Napep ta kwashe ni.

Na huɗu suka zo. Tsakaninsu da na uku daƙiƙu ne da ba su kai yatsun hannu biyu ba. Na iske Alhaji Attahiru yana zaune a inuwa ana ɗaure masa hannu, na durƙusa na fara ba da haƙuri. Ya miƙo mini ƙafar kekena ya ce, "Ta yi gudu, madalla." Shi ke nan. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mako uku bayan nan aka yi masa aikin, bai sake hawa keken tsere ba.

Yanzu a babur yake bin mu yana ba da horo. Ranar farko da ya dawo, ya sa na cire ƙafa daga feda na mayar sau hamsin a gaban kowa. Ya kuma kafa sabuwar doka: duk ranar da za mu bi ta Minanata, ni ne a gaba. Da mun hango bishiyar nan Dogo zai kwarara ihu yadda ake yi wa rami, "Suruki a dama!" Ni kuma in ɗaga hannu ɗaya, Baba Malam ya ɗaga carbinsa, mu wuce.

Abin da na koya, a shekara hamsin da biyu, shi ne duk abin da kake ɓoye wa abokan tafiyarka, ranar da suka fi dogara da kai ranar zai fito, kuma ba lallai kai ka fi jin ciwon faɗuwar ba. Mayafin yana nan a wurina. Na kai wa Baba Malam, ya ce in riƙe, wai bai san ranar da ladabi zai sake taso mini ba.